Takardun da Aka Yage wa Kai

Ranar Litinin da safe, a tsakiyar zafin watan Afrilun 1986, Thomas akawu ya buɗe kabad ɗin ofishin sashen kiwon dabbobi, ya tarar babu komai a ciki sai igiyar da aka ɗaure takardu da ita. Ya rufe, ya sake buɗewa. Kwaɗo lafiya lau, babu alamar an taɓa shi da ƙarfe.

Makarantar babba ce a Maiduguri, ba zan kama sunanta ba. A makon da ya gabata ta raba wa ɗaliban sashen, su ɗari biyu da goma, takardun tambayoyi: wane darasi ne yake amfanar ku, wane ne ɓata lokaci, me kuke so a gyara. Aka ce kada kowa ya rubuta sunansa, don ya faɗi gaskiya ba tsoro. Ranar Laraba kwamiti zai zauna ya duba, ya san darasin da za a gyara da malamin da za a ja wa kunne. Waɗannan takardun ne suka ɓace.

Kafin ƙarfe tara ɗalibai sun cika ƙofar ofis. A gabansu akwai Yagana, wakiliyarsu, mace mai 'ya'ya uku wadda ta yi aikin malamar gona shekara takwas kafin ta dawo karatu.

Ta ce, "An ce ba suna, to rubutun hannunmu fa? Akwai malamin da bai san rubutun ɗalibinsa ba? An sayar da mu, kuma jarrabawa saura wata guda!"

Dokta Saleh, shugaban sashen, ya fito yana share gumi. Kowa ya san ranar Juma'a mutane sun watse zuwa masallaci tun sha biyu, Thomas ne ya rufe ofis. Dokta ya dube shi a gaban yara, ya ce, "Kai ne mai makulli. Ka kawo su kafin Laraba. In ba haka ba 'yan sanda za su zo su tafi da kai, aikin kuma ka manta da shi."

Shekara goma sha tara Thomas yana buga tafireta a ofishin nan, tun da ya baro Lassa. Ya ajiye makullin a kan tebur da hannu biyu.

* * *

Matarsa Salomi ba ta tsaya kuka ba. Ta yafa gyale ta tsallaka layi zuwa gidan maƙwabcinsu a unguwar Dala, Baba Harun. Shi Bashuwe ne, ya yi kiwo har ya gaji, ya zauna a gari yana dillancin shanu. In an sace wa mutum sa, shi ake kira. Yakan bi sawu tun daga bakin garke har inda aka yanka, kuma ba ya son surutu yana aiki.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "'Yata, ni shanu nake bi. Takarda tana da kofato ne?"

"Wanda ya ɗauke ta yana da ƙafa, Baba."

Ya dube ta ta ƙasan ido. "Mijin naki ya ɗauka?"

"Mutumin da ko fensirin ofis ya biyo shi gida a kunne, sai ya kasa cin tuwo?"

"Ban tambaye ki cin tuwonsa ba."

"Bai ɗauka ba, Baba."

Ya jawo sandarsa, ya sa hula.

* * *

A gaban ofis babu abin gani, ɗalibai sun tattake ko'ina. Baba Harun ya tambayi Thomas inda yake ajiye makullin kabad. Thomas ya sunkuyar da kai ya ce a ƙusa, bayan kalanda.

"Wa ya sani?"

"Kowa, Baba. Malamai kan ɗauka su ɗebi takardar rubutu in ba na nan. Ƙofar waje kuma kowane malami yana da nasa."

"Ka shekara goma sha tara kana kiwo ba shinge, yau kana mamaki."

Ya zaga bayan gini. Can gindin wani dogon yaro, a jikin bango inda iska ba ta kaiwa, akwai wurin da ake tara tsofaffin takardu. Yanzu babu ko ɗaya. Yashin wurin yana ɗauke da zanen tsintsiya, a kan zanen kuma akwai sawu. Ya hana kowa matsowa, ya tsuguna ya daɗe.

Takalmin fata ne mai faɗin baki. Mai shi ya zo daga ƙofar baya, ya tsuguna, dugadugansa suka nutse a yashi kamar na wanda ya daɗe ƙwarai a wurin. Kewaye da sawun, bakin babbar riga ya share ƙasa ya yi da'ira. Ga kuma tsinken ashana guda, an ƙyasta, an soke kansa a yashi tun bai ci rabi ba. A kan duka wannan, tayar keke ta shigo da sauƙi ta fita da nauyi.

Ya ce a ransa, ɓarawo sauri yake yi. Wannan me ya zaunar da shi?

Aka kira Ajimi mai shara, dattijo mai furfura a gemu. Ya iso yana gaisuwa, "Wushe, wushe, Ba Harun," idonsa yana kan sandar.

"Yaushe ka share nan?"

"Juma'a da safe."

"Takardun da ake tarawa fa?"

"Ƙila awaki."

"Awakin makarantar nan keke suke hawa?"

Ajimi ya ce shi bai san komai ba, ya rantse, ya ce ana kiransa a wani ofis. Baba Harun ya ƙyale shi. Dabbar da ta tsorata ba a bin ta da gudu.

* * *

A inuwar bishiya ya sami Malam Kashim, babban malamin sashen, yana jan carbi. Mutum ne kamili, mai farar babbar riga, shi ke jan sallar azahar a ƙaramin masallacin ma'aikata. Ya ba Baba Harun wuri a benci, ya tambayi lafiyar iyali da kasuwa.

Ya ce, "Thomas mutumin kirki ne, ban so abin ya faɗa kansa ba. Ni dama na ce wannan tambaye-tambayen fitina ce. Yaushe aka fara tambayar ɗalibi yadda za a koyar da shi?"

"Wa ya kawo shawarar?"

"Malam James. Bara ya dawo daga Ingila." Ya ja carbi sau biyu. "Ba na son in ɗauki alhakin kowa. Amma an ce an ji babur ɗinsa a nan ranar Juma'a bayan an sauko."

James kuwa da aka tambaye shi sai ya tashi tsaye, wuyansa ya kumbura. "Ni na rubuta tambayoyin nan! Wata biyu ina roƙo kafin a yarda! In sace su in kai ina? E, na dawo. Na manta takardar asibitin matata ce, na ɗauka na fita."

Baba Harun ya ce, "Zauna, ɗana. Ɗaga ƙafarka."

James ya ɗaga. Takalmi ne sau-ciki mai ƙarfe a dunduniya. Baba Harun ya riga ya ga irinsa a gefen gini: ya sauka daga babur, ya shiga, ya fito, taku dogo-dogo, bai ko waiwayi bishiyar ba. Ga shi kuma James bai taɓa sa babbar riga ba, sai ranar aurensa.

Litinin ta wuce a haka. Da la'asar aka ga wani kofur ya zo ya rubuta sunan Thomas da lambar gidansa. Yaran layin Dala suka fara leƙen ƙofar Salomi.

* * *

Talata da hantsi Baba Harun ya sami Ajimi a bayan gini. Bai yi masa tambaya ba. Ya nuna masa sawun tayar da bakin sanda, inda aka yi mata faci, sannan ya nuna tayar bayan keken Ajimi da ke jingine da bango.

Ajimi ya zauna a ƙasa. "Ba Harun, kada a kore ni. Duk Asabar nake kwashe tsofaffin takardu in kai wa Ya Bintu mai kifi a Baga Road, ta ba ni ɗan kifin miya. Shekara da shekaru. Wannan Asabar na ga sun yi yawa, na ce Allah ya kawo. Ni na san boko ne da zan gane na kwamiti?"

"Da ka faɗa jiya, da Thomas ya ci abinci."

Baba Harun ba ya karanta boko shi ma, saboda haka ya aika aka kira Yagana. Ta zo fuska a ɗaure. Su uku suka shiga tasi.

Kasuwar kifi tana cike. Motoci daga bakin tafki suna sauke kwalaye, warin banda yana shiga har cikin tufa. Ya Bintu tana zaune a bayan tarin kifi, tana ƙunsa wa wani mai saye. Yagana ta ga takardar ƙunshin ta yi ƙara.

"Tsaya, Ya Bintu! Wannan tamu ce!"

"Taku? Ku da wa? Ni Ajimi ya kawo min. Masu kyau ne kuwa, ba sa jiƙewa da mai."

Sai da Baba Harun ya yi mata magana a hankali, ya ce aikin wani bawan Allah ne yake rataye da su, sannan ta jawo sauran daga ƙarƙashin tabarma tana mita. Wajen arba'in sun riga sun bi kifi sun shiga gari. Yagana ta durƙusa tana jera sauran a kan kwali.

Baba Harun bai dubi rubutun ba, bakin takardun yake kallo. Mafi yawansu an yage musu kai, daga sama, faɗin yatsa biyu. Yagar ba ta gaggawa ba ce, an ninke ne aka bi layi a hankali. Wasu kuma lafiyarsu ƙalau.

"Ya Bintu, ke kika yage?"

"In yage don me? A haka suka zo."

"Yagana, me ke nan wurin? Suna?"

"Babu suna, Baba. Fili ne kawai." Ta ci gaba da juyawa, sai ta tsaya. "Ga tawa. An yage." Ta kai hannu baki. "Nan na rubuta Bismillah. Duk takardar jarrabawa haka muke yi."

"Nemo min wadda ba a yage ba, wadda kika san mai ita."

Ta nemo. "Wannan rubutun Phoebe ne, ɗakinmu ɗaya. Wannan na Joseph."

"Ke da wane harafi kika rubuta taki Bismillar?"

"Da boko. Larabcina ba kyau."

Baba Harun ya dubi Ajimi, wanda bai san ko harafi ɗaya na boko ba, ya ce, "Tashi, ka fita daga zargi." Sannan ya ce da Yagana, "Ɗaure su. Kada ki gaya wa kowa abin da kika gani a kansu, ko da mijinki."

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ni na fara kiran Thomas maci amana."

"Na ji. Gobe ma a gaba za ki tsaya."

* * *

Laraba ƙarfe takwas, kofur yana zaune a benci a ƙofar ofis. Ɗalibai sun taru nesa kaɗan. A ciki akwai Dokta Saleh, Malam Kashim, James, Ajimi, Yagana, da Thomas a tsaye jikin bango cikin rigarsa ta zuwa coci, wadda Salomi ta goge masa don ko tafiya za a yi da shi, a tafi da shi da mutunci.

Baba Harun ya dire ƙunshin a tebur. Warin kifi ya cika ɗakin.

Dokta ya ce, "Alhamdu lillahi! To ai shi ke nan. Thomas ya jefar, Ajimi ya kwashe."

"Yallaɓai, ban gama ba." Ya zaro takarda ɗaya ya ɗaga. "Wanda ya ɗauki waɗannan ya fita da su bayan gini don ya ƙone. Ya ƙyasta ashana. Sai ya ga abin da ke saman ta farko, ya kashe wutar a yashi. Ya tsuguna cikin babbar rigarsa, a zafin nan, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana cire sunan Allah, na Larabci da na boko. Takarda ɗari da wani abu. Bai gama da su ba ya ji babur, ya tura su ƙarƙashin tsofaffin takardu, da nufin ya dawo. Ajimi ya riga shi."

Ya ajiye takardar a tebur, ya ci gaba.

"Thomas ba ya sa babbar riga. Kuma shi da ya ga rubutun, ba zai san ana cirewa ba. Wannan aikin wanda aka yi wa tarbiyya irin tamu ne. To mai irin wannan tarbiyya, in ya cire, ba zai zubar a ƙasa ba, ba zai sa a aljihun wando ba. Wuri mai tsabta zai nema, sama da kansa. Ina so a buɗe min ofisoshi. Ba zan taɓa aljihun teburin kowa ba, sama kawai zan duba. Da naka za mu fara, Yallaɓai."

Fuskar Dokta Saleh ta canza, amma ya miƙa makulli. Aka duba saman kabad ɗinsa, babu komai sai tsohuwar fanka. Aka duba na James. Aka duba na wasu malamai biyu da ba sa nan. Aka zo ƙofar ƙarshe. Malam Kashim ya daɗe yana neman makulli a aljihu.

Ɗakin tsaf yake, shi yake share abinsa. Akwai ƙaramin allo a bango, garin alli ya zuba a gindinsa. A lungu, jikin doguwar kantar littattafai, akwai kujerar baƙi mai baƙar fata. Baba Harun ya tsaya a bakin ƙofa ya tare sauran da sanda.

A kan baƙar fatar akwai sawun ƙafa, fari, ba takalmi. Yatsu biyar da dunduniya, ƙafa mai faɗin baki.

Ya ce, "An cire takalmi kafin a hau, saboda abin da ke hannu. An taka alli. Malam, wannan kujerar ta ɗalibai ce?"

Malam Kashim ya ce, "Tasu ce."

"Tun Juma'a ba wanda ya zauna a kai."

Yagana ta ce a hankali, "Tun bara ma, Baba."

Baba Harun ya janye sandarsa. "Ni ba zan hau ba. Kai ka ɗora, kai za ka sauke."

Malam Kashim ya dubi Dokta, ya dubi ƙasa. Sannan ya zare takalmansa, ya hau kujerar, ya miƙa hannu can saman kanta, ya sauko da farin hankici a ƙulle. Ya kwance a kan tebur da hannu biyu. Siraran takardu ne, an jera su kai ɗaya, ko guda ba ta juye ba.

Ya ce, "Ɗaya kawai na so in gani. Na dawo daga masallaci, na ce bari in ga ɗaya. Ta ce Malam Kashim yana karanta mana littafin da ya girme mu. Ta biyu ta ce shekara uku muna karatun saniya, ba mu taɓa taɓa saniya ba, a kai mu gonar Konduga. Ta uku ta ce muna tsoron shiga ofishinsa. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, Saleh. Kai ma ni na koyar da kai. Za a karanta wannan a gaban kwamiti, ina zaune?"



Baba Harun ya ce, "Malam, ka tsuguna cikin zafi don kada wuta ta taɓa takarda, wannan ka kyauta. Amma Litinin aka kira mutumin nan ɓarawo kana tsaye. Talata ka ja mutane salla. Yau ga ɗan sanda a ƙofa, da ban zo ba da ka bar shi ya tafi da shi. Shi wanda ka ji tsoronsa a takarda, ba shi ya halicci Thomas ba?"

Malam Kashim ya zauna a kan kujerar, a kan sawun nasa, ya rufe fuska da hannun riga. Can ya ce, "Thomas, ka yafe mini."

Thomas ya ce, "Malam, wannan sai na yi shawara da matata. Ita ma kwana biyu ba ta ci abinci ba."

Dokta ya sallami kofur, ya ce maganar ta cikin gida ce, hukumar makaranta za ta zauna a kan Malam Kashim. Ya ce kwamiti zai zauna ƙarfe goma da takardun da aka samu, da warinsu da komai, kuma Thomas ne zai buga abin da ke ciki da tafireta, don kada wani malami ya ga rubutun hannun ɗalibi. Ya ɗauko makullin kabad ya miƙa masa.

Thomas bai karɓa ba.

"Yallaɓai, ba a nan ka karɓe mutuncina ba. A ƙofa ne, a gaban yara."

Dokta ya dubi Baba Harun kamar mai neman ceto. Baba Harun yana gyara hularsa, bai ko kalle shi ba.

Suka fita. Ɗalibai suka matso, Yagana a gaba. Dokta Saleh ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce takardu sun samu, ya ce Thomas ba shi da laifi ko kaɗan, ya ce shi ne ya yi gaggawa. Wani daga baya ya ce ba su ji ba. Thomas ya tsaya hannuwansa a baya, yana jira. Dokta ya maimaita da ƙarfi, har na bakin titi suka ji.

Sannan Thomas ya miƙa hannu.